Bolshoi ko Mariinsky: wanne za ka shiga?

Ɗalibanmu da ke karatu a Rasha sun sha tambayata: in kuɗin tikiti ɗaya gare su, gidan rawar bale (rawar dandali mai ba da labari) da opera (wasan kwaikwayo na waƙa) na Mosko za su shiga, ko na San Fitasbag?

Bolshoi na Mosko ya fi tsufa. An buɗe ginin a 1825, gobara ta cinye shi a 1853, aka sake tada shi a 1856. Ginshiƙai takwas ne a gabansa, da dawakai huɗu na tagulla a sama, waɗanda aka buga a takardar rubul 100. Ciki kuwa ja ne da ruwan zinariya, kuma gyaran 2005 zuwa 2011 ya dawo masa da ƙyallinsa.

Mariinsky na San Fitasbag an buɗe shi a 1860, da sunan Mariya, matar sarki Alekzanda na biyu. Magini ɗaya, Alberto Cavos, shi ya sake tada Bolshoi bayan gobarar, shi kuma ya yi Mariinsky. Launin Mariinsky kore-kore ne daga waje, shuɗi daga ciki, ba ya cika ido kamar Bolshoi, amma ni ya fi kwanta min a rai. A dandalinsa aka fara nuna rawar bale ta Nutcracker, wadda Tchaikovsky ya tsara kiɗanta, a 1892.

Wajen kuɗi, tikitin Bolshoi yakan fi tsada, a Disamba ma samunsa sai an sha wuya. Ka kuma duba tikitinka da kyau, domin kowannensu yana da sabon dandali daban da tsohon ginin.

Mai son ƙasaita, kuma yana Mosko, Bolshoi ne nasa. Mai lissafin aljihu da ke bin tarihin rawar, ya hau jirgin ƙasa na Sapsan, awa huɗu ya isa San Fitasbag.