Wasiƙa daga bakin kogin Luwar: abin da ake sayarwa a gidajen sarakunan da babu sarki

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, da Inna da iyali da mutanen rumfa baki ɗaya. Ka ce in daina turo maka hotunan dogayen gidaje ba bayani, in gaya maka abin da ake sayarwa a wurin da kuma nawa ne. To ga shi, gwargwadon abin da ido ya gani da wanda aljihu ya ji.

Yankin yana kudu da Paris, a bakin Luwar, kogin da ya fi kowanne tsawo a Faransa. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ba dutse ba tudu, sai daji da gonaki da tafkuna. Ɓangaren da ake kira Sologne, har cikin ƙarni na 19 fadama ce mai sauro da zazzaɓi, sai a zamanin Napoleon na Uku aka haƙa magudanai aka dasa itatuwa. Mutumin Damagaram da ya tashi yana bin layin famfo da jarka, in ya ga ruwa kwance haka ba mai ɗiba, sai dai ya ce Allah mai iko. A cikin wannan karkarar sarakunan Faransa da fadawansu suka gina gidajen hutu da na farauta shekaru ɗari biyar da suka wuce, kuma a 2000 UNESCO ta sa kwarin cikin wuraren tarihi na duniya.

Zuwa ba wuya. Jirgin ƙasa daga Paris zuwa garin Blois da ke yankin kamar awa ɗaya da rabi ne, kana sayen tikiti a waya, kuma in ka saya da wuri ya fi araha. Wuyar tana farawa bayan ka sauka. Gidajen suna warwatse cikin ƙauyuka, motocin haya kuwa ƙalilan ne, suna bin jadawali, in ta wuce ka ta wuce, ba yaron mota da zai leƙo ya ce saura mutum ɗaya. Ba kabu-kabu, ba adaidaita. Tasi sai ka kira ta a waya, kuɗinta kuma ya fi na tikitin shiga. A nan na yi kewar gida, domin a wurinmu ko ƙauyen da ba shi da suna a taswira, ba za ka rasa wanda zai ɗauke ka a mashin ba. Abin da ya cece su keke ne. Sun yi hanyar kekuna mai tsawon kilomita wajen 900 a gefen kogin, da alamu a kowace mararraba, kuma da yake ƙasar ba hawa ba gangara, har tsofaffi masu furfura za ka gani suna tuƙawa. Hayar keke na yini kusan yuro 20 ne, wato jika 13 da ɗoriya. Mai hayar zai ba ka hular kwano da kwaɗo da kayan faci, wasu ma su yarda ka ajiye keken a wani garin daban in ka ƙara kuɗi.

Kuɗin shiga manyan gidajen ma, lokacin da na je, yana yawo ne wajen yuro 20 ga babban mutum. Ka lissafa wa mai mata da 'ya'ya. Amma a gidajen da ke hannun gwamnati yaran da ba su kai 18 ba kyauta suke shiga, kuma tun 1984 akwai wani lokaci a watan Satumba, yanzu Asabar da Lahadi ɗaya, da ake buɗe wuraren tarihi da yawa kyauta ko da rangwame, har da ofisoshin da ba a barin kowa ya leƙa a sauran shekara. Farashin a rubuce yake a ƙofa. Ba wanda zai duba takalminka kafin ya yanka maka kuɗi, ba kuma wanda zai ce a ba shi na goro.

Chambord ne babbansu. Sarki Faransuwa na Ɗaya ya sa aka fara shi a 1519, ɗakuna 426, murhun jin ɗumi 282, ga katanga mai kilomita 32 ta kewaye dajinsa. A tsakiya akwai matakala biyu da suka naɗe juna, mutum biyu su hau lokaci ɗaya suna hangen juna ta taga amma ba za su haɗu ba. Sarkin da ya gina shi 'yan makonni kawai ya kwana a ciki duk rayuwarsa, kuma da na shiga na gane dalili: sanyi ne a ɗakunan nan mai shiga ƙashi. Yawancinsu fayau suke, domin a zamanin sarki da kayansa yake yawo, gado da kujera da labule duk a ɗaure a bi shi gari gari.

To me mutum fiye da miliyan ɗaya ke zuwa kallo a shekara a gidan da ba kowa? Nan ne na tsaya na lura, domin shi ne amsar tambayarka. Tun daga wurin ajiye mota akwai alama, akwai banɗaki mai tsabta da ruwa da sabulu, da wurin sauya wa jariri ƙunzugu. Akwai keken guragu na aro. Ana ba ka takarda mai taswirar gidan da harshen da kake so. In ka ƙara kuɗi kaɗan za su ba ka wani allo mai suna HistoPad, ka ɗaga shi a ɗakin da ba komai, ya nuna maka yadda yake da gado da darduma da wuta a murhu a zamanin sarki. Yara kuma an yi masu wasan neman dukiya a cikin allon, don kada su gaji su hana iyayensu kallo. Kafin ka fita, sun sayar maka da ajiyar mota, da abinci, da hayar kwalekwale, da kallon wasan dawaki. Ginin ne ya kira ka, amma waɗannan ƙananan hidimomin ne suka zaunar da kai har la'asar kana ciro kati.

Ni fa ina kallo ina tuna fadarmu ta Birni. Tun zamanin Sarki Tanimun take tsaye, kuma har yau akwai sarki a ciki, akwai dogarai, akwai algaita da kakaki, ana shari'a, ana hawan salla. Abin da waɗannan mutanen suke kashe kuɗi su kwaikwaya da allo da 'yan wasa masu tufafin aro, mu a raye yake a wurinmu kowace Juma'a. Amma baƙo ya sauka a tasha yau, wa zai gaya masa ƙarfe nawa ake shiga, nawa zai biya, wa zai ba, ina zai kama ruwa? Sai in ya yi dace da mutumin kirki. Yawanci kuwa yana dacewa, don mutanenmu ba sa barin baƙo a tsaye, sai dai mai shirya tafiya daga nesa ba ya son jingina da dace.

Ba duka gidajen ne na gwamnati ba, kuma na ga kamar masu zaman kansu sun fi iya tarbar mutum, da yake da kuɗin tikitin suke gyara rufi. Cheverny tun 1922 masu shi suka buɗe ƙofa ga jama'a, kuma har yanzu iyalin suna zaune a wani sashe, da karnukan farautarsu wajen ɗari a gefe, waɗanda hancinka zai sanar da kai kafin idonka. A Villandry lambu ake biya a kalla, kabeji da salak da karas da aka jera cikin zane, kuma zuriyar Joachim Carvallo, wanda ya sayi wurin a 1906, su ke riƙe da shi. Chenonceau kuwa a kan kogin Cher aka ɗora shi, doguwar barandarsa mai mita 60 tana tsaye a kan gada. Tun 1913 yana hannun iyalin Menier masu cakulan. A yaƙin duniya na ɗaya sun mai da barandar asibiti, aka yi jinyar sojoji fiye da 2,000. A na biyu kogin ne iyaka tsakanin ƙasar da Jamus ta mamaye da wadda ba ta mamaye ba, sai ya zama ƙofar gaba tana ɓangare ɗaya, ta baya tana ɗayan, mutane suka riƙa sulalewa ta nan. Suna da ma'aikatan da aikinsu kawai yanko fure daga lambu su jera a kowane ɗaki. Tashar jirgin ƙasa kuma tana nan kusa da ƙofa, tafiyar 'yan mintoci.

Abinci shi ne inda Musulmi zai buɗe ido. Abin alfaharin yankin ruwan inabi ne mai sa maye da wani dakakken naman alade da suke shafawa a burodi, kuma sukan zuba giyar har a miya, don haka tambaya wajibi ce. Suna amsawa da gaskiya, wannan na yaba masu, kuma doka ta sa su bayyana abubuwan da kan tayar wa wasu da ciwo, irin su gyaɗa da madara. Amma gidan abinci a ƙauye daga sha biyu zuwa biyu ne, in ka zo biyu da rabi ko da kuɗinka a hannu sai a ce an rufe kicin. Ranar Lahadi da yamma ƙauye kan mutu murus, ba mai shayi, ba mai tsire, ba yarinya da ƙosai. Na koma yin guzuri: burodi, tumatir, da cukun akuya. Cukunsu ya bambanta da namu na Buzaye da Fulani mai tauri, nasu laushi gare shi da ɗan tsami. Akwai na Sainte-Maure, dogo da karan hatsi a tsakiyarsa, kuma a jikin karan an rubuta shaidar wanda ya yi shi. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa. Wurin salla babu a gidajen da na shiga, amma daji yalwatacce ne, na shimfiɗa rigar sanyi a gindin itace ba wanda ya ce mani kanzil.

Gidan Amboise ne ban zata ba. A nan Faransawa suka tsare Amir Abdulƙadir na Aljeriya daga 1848 zuwa 1852, da iyalinsa da mabiyansa, bayan ya ajiye makami bisa alkawarin za a kai shi Gabas, aka saɓa. Sanyi da damshin gidan suka yi ta cin mutanensa, 25 suka rasu a nan, har da ƙananan yara. Kabarinsu yana cikin lambun gidan, kuma a 2005 aka gyara wurin da duwatsu 25 masu rubutun Larabci, da layin tsirrai da ke nuna alƙibla. Yawancin masu yawo kabarin Leonardo da Vinci, shahararren mai zanen nan na Italiya, suke nema, wanda ke cikin ƙaramin cocin gidan. Na yi masu fatiha. Abin da na lura shi ne ba a ɓoye labarin ba, yana cikin takardar da ake ba kowa, ko da yake ba abin alfahari ba ne gare su.

Kan gyara, dutsen da suka yi ginin da shi fari ne mai laushi, ruwa da sanyi suna cin sa, don haka kusan ko'ina za ka ga an kafa ƙarafa ana aiki a wani gefe. Kada ka ɗauka ginin ƙasa ne kawai ke son yaɓe duk shekara. Bambancin, suna da doka tun 1913 da ta hana mai gidan tarihi taɓa shi ba izini, kuma ko maƙwabcin da ke cikin mita 500 ba zai sauya rufi ko taga yadda ya ga dama ba. Gwamnati tana tallafa wa gyaran, tana rage haraji, har caca suka ƙirƙiro a 2018 don tara kuɗin, wadda dai ba hanyarmu ba ce. Masu sassaƙa dutse da kafintoci kuma suna da ƙungiyar koyon sana'a ta gargajiya, yaro ya yi shekaru yana yawo gari gari a hannun gwanaye, har gidan tarihinsu akwai a Tours. Da Baba yana raye da ya ce ai wannan tsarin Sarkin Magina ne, sai dai su an ba nasu takarda da albashi.

Yanzu ga abin da ya shafe ka kai tsaye. Kusan kowane gida, hanyar fita ta cikin kanti take bi, ba yadda za ka kauce. Ana sayar da zuma, sabulu, littattafan yara, takobin katako, da 'yan ƙananan abubuwan maƙalawa a firji. Na juya wasu na duba gindi, an yi su a Sin. Na ɗauki wata 'yar jakar kuɗi ta fata na shinshina na murza, wallahi ba ta kai rabin aikinka ba, ɗinkin inji ne, fatar ma ba ta kama ƙafar ta jar akuyar Maraɗi ba, amma kuɗinta ya fi abin da kake sayar da guda biyar. Abin da ta fi taka da shi uku ne: girmanta daidai aljihun matafiyi, ba ta da warin jima, kuma an ɗaura mata ɗan kati mai faɗin inda aka yi ta da wanda ya yi ta, kamar dai karan cukun nan. Mai saye yana so ya koma gida da labarin da zai ba wanda ya kai wa tsaraba.

Don haka in mai zuwa ya samu, ka aiko mani da samfuri: 'yan jakunkunan kuɗi, maƙalin makulli, da kuben waya, ba manyan filalla da jakunkunan rataya ba, waɗannan ba sa shiga akwatin jirgi. A shanya su sosai har warin ya fita. Ka sa a ɗauki hotonka kana aiki a rumfa, ka kuma rubuto mani ainihin kuɗin da kowanne ya ci maka, fata da zare da rini da lokacinka, ba kuɗin da kake fara faɗa wa mai ciniki ba. Katin ni zan buga shi a nan, da Faransanci da Hausa.

A gai da Inna, a ce mata maganin gwiwar yana hanya.

Ƙaninka.