Gamaliyya ko Sayyida Zainab: Wace Unguwa Baƙon Alƙahira Zai Ba Wuninsa?

Malam, ka ce za ka je Alƙahira, wuni guda ne kacal zai rage maka bayan ka gama hidimar da ta kai ka, kuma an ambata maka tsofaffin unguwanni biyu, Gamaliyya da Sayyida Zainab, kana son sanin wadda ta fi dacewa da mutumin da abinci da halayyar mutanen gari suka fi jan hankalinsa fiye da sayen tsaraba. Na taka dukkansu da ƙafa, da safe da kuma dare, kuma da yake abinci ka sa a gaba, ni Sayyida Zainab zan tura ka. Sai dai zan yi wa Gamaliyya adalci tukuna, domin abin da take da shi babu kamarsa a duk faɗin Masar.

Gamaliyya ita ce cibiyar birnin da Jauhar Assiƙilli ya kafa a shekarar 969 domin halifan Faɗimiyyawa, Almu'izzu. A rubuce sunan Jamaliyya ne, amma Misirawan Alƙahira suna furta jimun da sautin "g", saboda haka idan ka ce wa direban tasi Gamaliyya, ko ma ka ce masa "Husaini", sunan babban masallacin unguwar, zai fi saurin gane ka. Ƙofofin arewa guda biyu, Babul Futuh da Babun Nasr, waɗanda waziri Badarul Jamali ya gina da dutse a 1087, suna nan tsaye, kuma daga Babul Futuh titin Almu'izzu ya miƙa kudu, ya ratsa unguwar, ya tsallake titin Azhar, har ya dangana da Babu Zuwaila da aka gina a 1092. Tsawon titin bai fi kilomita ɗaya ba da ɗan kaɗan, amma mai son kallo sai ya shafe rabin wuni bai kai ƙarshensa ba. Yana shiga zai tarar da masallacin Alhakim da aka kammala a 1013, gaba kaɗan ga gidan Suhaimi na 1648 a wani lungu, mai tagogin katako da aka sassaƙa domin mata su leƙa waje ba a gan su ba, sannan a wurin da ake kira Bainal Ƙasraini ga ginin Sarki Ƙalawun na 1285, wanda ya haɗa makaranta da hubbare da asibiti, manne da shi kuma ga na ɗansa Annasir Muhammad da na Sarki Barƙuƙ. Masallacin Azhar, wanda aka aza tubalinsa a 970, yana tsallaken titi daga dandalin masallacin Husaini. Tun 1979 hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Wannan suna da unguwar ta yi shi ne ya sauya halinta. Kasuwar Khanul Khalili, wadda ta samo sunanta daga wani basarake na zamanin Barƙuƙ mai suna Jaharkas Alkhalili, a yau galibin shagunan da ke kan manyan layukanta baƙo suke jira: fitilun tagulla, turare, gyale, ƙananan gumakan Fir'aunoni, da tasbahohi. Mai shago zai kira ka da harshe uku kafin ka gifta ƙofarsa, kuma farashin farko da zai faɗa maka na gwajin hankali ne, wanda ya biya ba tare da tayi ba, shi ya so. Ba na ganin laifinsu, sana'arsu ke nan, amma mutum yana fita daga wurin da gajiyar cewa "na gode, ba na buƙata" fiye da gajiyar ƙafa. Gidan shayin Fishawi, wanda ya haura shekara ɗari biyu, yana cikin wani matsatsen lungu a can, da manyan madubai da suka dushe da shayi mai na'a-na'a, kuma ya cancanci zaman rabin sa'a, ko da yake masu talla ba za su bar ka ka kurɓi shayin cikin natsuwa ba. A wannan unguwa aka haifi marubuci Najib Mahfuz a 1911, wanda ya karɓi kyautar Nobel a 1988, kuma Gamaliyyar da ya sani tana nan ga wanda ya bar babban titi ya kutsa lungunan gabas, inda maƙeran tagulla ke aiki a bakin shago, yara kuma ke wucewa a kan keke da faifan gurasa a ka.

Abincin Gamaliyya iri biyu ne, kuma tazarar da ke tsakaninsu 'yan taku ce. Gidajen abincin da suka kewaye dandalin Husaini suna da kujeru masu kyau da takardar abinci cikin harsuna, amma abin da za su kawo maka bai kai kuɗinsa ba, kuma sau da yawa ana ƙara kuɗin hidima a ƙarshe. Abin da ya kamata ka nema a unguwar shi ne tattabara da aka cusa wa shinkafa ko farik, wato ɗanyar alkama da aka babbake aka ɓarza, aka dafa ta sannan aka soya har fatarta ta yi ja, ana kawo ta da romonta a kofi, kuma da hannu ake ci. Sai fiɗir, wani ƙullin fulawa da ake miƙarwa har ya yi shara-shara, a naɗe shi hawa-hawa da man shanu, a gasa, a ci da zuma ko cuku. Kallon mai yinsa yana wulwula ƙullin a sama kafin ya buga shi kan dutse rabin daɗin ke nan. Bayan waɗannan biyun, sauran abin da ke wurin za ka same shi a ko'ina cikin birnin, kuma da sauƙin kuɗi.

Sayyida Zainab tana kudu maso yamma da can, kuma layin farko na jirgin ƙarƙashin ƙasa yana da tasha mai sunanta. Unguwar ta ɗauki sunan jikar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, 'yar Sayyidina Aliyu da Nana Faɗima, wadda Misirawa suka yi imani cewa a masallacin da ke tsakiyar unguwar aka binne ta, ko da yake mutanen Dimashƙa ma suna da hubbaren da suke dangantawa gare ta. Mutanen wurin suna ce mata Ummu Hashim, wasu kuma Ummul Awajiz, wato uwar gajiyayyu, kuma wannan laƙabi na biyu ya bayyana unguwar fiye da duk abin da zan iya faɗa. Za ka ga mutanen karkara sanye da manyan jallabiyoyi zaune a bakin masallaci, ka ga wanda ya yi bakance ya zo da kwandon gurasa da dafaffen tsiron wake yana rabawa, ka ga tsofaffin mata suna cinikin kayan miya da murya sama. Babu wanda ya shirya wurin domin baƙo, ba kuwa wanda zai bi ka da kaya. Akwai hayaniya da ƙura da babura masu kutsawa tsakanin mutane, amma mai sayar da abinci a nan maƙwabcinsa yake dafa wa, wanda zai dawo gobe ya yi masa ƙorafi idan waken bai nuna ba, kuma wannan shi ne asirin da ya sa abincin ya fi.

Da safe abin da ake ci shi ne ful, manyan wake da ake dafawa a doguwar tukunya mai ƙaramin baki tun daga dare har asuba a kan wuta kaɗan, a kwaso da ludayi mai dogon hannu, a dama da mai da lemon tsami da kamun da ɗan gishiri. Mai ful zai tambaye ka irin man da kake so, kuma idan ka ji ya ce zait har, wato "mai mai zafi" da Larabci, ba mai yaji yake nufi ba, wani mai ne mai ɗan ɗaci da mutanen gari suka fi ƙauna. Kusa da shi akwai ɗa'amiyya, wadda ta bambanta da falafil ɗin ƙasashen Sham domin da irin waken ful ake yinta, a markaɗa da ganyayyaki har cikinta ya zama kore, a barbaɗa riɗi a tsoma a mai. Ana haɗa su da soyayyen yalo, da ɗanyar albasa, da turshi, wato kayan lambun da aka jiƙa a ruwan gishiri. Gurasar da ake dangwala da ita suna kiranta aish, kalmar da ke nufin rayuwa, kuma wanda ya ga yadda ake layinta da sassafe ba zai tambayi dalili ba.

Da dare ne Sayyida take nuna abin da ta fi shahara da shi, wato kayan ciki. Irin shagon da ke wannan sana'a ana ce masa masmaɗ, kuma a can za ka sami mumbar, hanjin da aka wanke aka cusa masa shinkafa da kayan ƙamshi aka dafa sannan aka soya, da kawari, ƙafar sa da aka dafa har ta narke, wadda ake zubawa a kan fatta, wato shinkafa da gutsattsarin gurasa da aka jiƙa da romo da tafarnuwa da khal, ruwan tsamin da ake kira binega. Akwai naman kai, da harshe, da huhu, da tumbi, kowanne da mai nemansa. Wanda cikinsa bai saba da maiƙo ba, sai ya tsaya a kan hanta da aka yanka siri-siri aka soya da tafarnuwa da koren barkono, ko hawawshi, gurasar da aka cika da niƙaƙƙen nama da albasa aka gasa. Masu gashin kabab da kofta kuwa sai bayan isha suke cika, su jera teburori a lungu, hayaƙi ya turnuƙe ko'ina. A rufe da sobiya, wani farin abin sha mai sanyi na shinkafa da madara da kwakwa, wanda a wannan unguwa ake yin mai kauri da sai da cokali. Ruwan rake, da na tsamiya, da zoborodo da suke kira karkade, ana samun su a dukkan unguwannin biyu, haka ma koshari, haɗin shinkafa da taliya da adas, wani irin ƙaramin wake, da miyar tumatir da soyayyar albasa, saboda haka kada su shiga lissafinka.

Kada kuma ka ɗauka cewa wanda ya zaɓi Sayyida ya rasa tarihi. Tafiyar ƙafa ce daga dandalin zuwa masallacin Ahmad bin Ɗulun, wanda aka kammala a 879, shekara casa'in kafin a kafa birnin Faɗimiyyawa, kuma shi ne masallaci mafi tsufa a Alƙahira da ya tsira da siffarsa ta asali. Da jan bulo aka gina shi bisa salon Samarra ta Iraƙi, inda mai ginin ya fito, hasumiyarsa kuma matakalarta ta waje take, tana kewaya ta. Farfajiyarsa tana da faɗin da hayaniyar titi ba ta isa tsakiyarta, kuma a ganina zama na sa'a guda a can ya fi hanzarin leƙa gine-gine goma a titin Almu'izzu. Daga nan titin Saliba ya haura har masallacin Sarki Hasan, wanda aka fara a 1356, a gindin ganuwar Salahuddin.

Akwai inda Gamaliyya ta fi sauƙi, kuma ya kamata ka sani. Titin Almu'izzu an gyara shi, an shimfiɗa masa dutse, an taƙaita shigar motoci, da dare kuma ana haska gine-ginen, saboda haka wanda ke tare da iyali ko dattijo mai ciwon ƙafa zai fi sakewa a can. Wanda ba ya jin Larabci ko kaɗan ma zai fi samun mai fahimtarsa a can, alhali a Sayyida sai dai nuni da yatsa, ko da yake Larabcin makaranta yana wadatarwa, illa dai za su yi maka murmushi su amsa da nasu. A ƙarshen watan Rajab, lokacin maulidin Sayyida, cunkoson ya wuce abin da baƙon wuni ɗaya zai iya jurewa, amma gab da azumi, lokacin da aka kafa rumfunan fitilun Ramadan a gefen masallacin, babu wurin da ya kai ta kyau. Game da tsabta, shagon da ka ga mutanen gari sun yi layi, kuma ana sauke abincin daga wuta a gabanka, shi ne abin dogaro a kowace unguwar, sannan ka sha ruwan roba, ka riƙe ƙananan kuɗi na fam ɗin Masar domin masu ful ba su cika samun canji ba.

Idan kana da ƙarfin ƙafa, wunin zai iya ɗaukar biyun, muddin ka jera su daidai. Ka shiga Babul Futuh da misalin ƙarfe tara, kafin shagunan tsaraba su farka, ka gangara har Azhar ka yi azahar, ka ci tattabara ɗaya kawai domin ka bar wuri. Daga nan ka ɗauki tasi zuwa masallacin Ibn Ɗulun, domin ana rufe shi ga masu ziyara kafin magariba, sannan ka sauko da ƙafa zuwa dandalin Sayyida ka yi magariba da isha, ka jira masu masmaɗ da masu gashi su hura wuta. Idan kuwa hidimarka ta cinye safiyar, yamma kaɗai ta rage, ka bar Gamaliyya sai wata tafiyar, ka ce wa direba ya sauke ka a Ibn Ɗulun.