Hutun uba bayan haihuwa: na rabawa ko nasa na kansa?

Hanyoyi biyu ake bi wajen bai wa magidanci hutu idan matarsa ta haihu. Ta farko, a ba ma'aurata hutu guda su raba yadda suka ga dama. Birtaniya ta fara haka a 2015, har makonni 50 ake iya rabawa. Sai dai duk ranar da mijin ya ɗauka, daga kason mai jego aka cire ta. Wane namiji ne zai dubi matar da ba ta gama warkewa ba, tana shayarwa, ya ce ta koma aiki? Shi ya sa maza kaɗan ne ke karɓa.

Ta biyu, a ware wa uba kwanakinsa, in bai ɗauka ba sun tafi. Suwidin ta soma da rabawa a 1974, maza ba su motsa ba. A 1995 ta keɓe musu wata ɗaya, a 2016 ya kai kwana 90 cikin 480 da ake bai wa iyayen biyu, kuma yanzu yawancinsu suna ɗauka.

Ni ta biyun nake goyon baya, matuƙar da albashi. Mai jego na bukatar wanda zai karɓi jariri da tsakar dare ta samu ta runtsa, kuma uban da aka yanke wa albashi ba zai iya zama gida ba.