Farantin sola mai wat 300 a zafin bazarar Tawa

Farantin da nake magana a kansa irin baƙin nan ne na silikon da ya cika shagunan kayan lantarki a kasuwar Tawa, kuma takardar da ke manne a bayansa ta ce yana ba da wat 300. Ƙirarsa ta gamsar da ni, domin gilashinsa na da kauri, akwatin wayoyinsa a rufe yake gam yadda ƙura ba ta samun hanyar shiga, kuma yana cika batir kafin la'asar, ya riƙe fanka biyu da fitilu da talabijin har dare ya raba.

Sai dai ya kamata mai saye ya san cewa a ɗakin gwaji aka auna wat 300 ɗin nan, lokacin da zafin farantin yake digiri 25 kacal. A watan Afrilu da Mayu kuwa, sa'ad da zafin gari ke haura digiri 40, farantin da ke kan rufin kwano yakan kai digiri 60 ko fiye, har mutum ba ya iya barin tafin hannunsa a kai. Kowane digiri ɗaya da ya ƙaru yana rage kusan kashi 0.4 cikin 100 na ƙarfinsa, wato da tsakar rana wat 255 ko kusa da haka za a samu. Wannan ba ha'incin kamfani ba ne, halin silikon ne. Haske ne ke tunkuɗa ƙwayoyin lantarki su tsallake wani giɓin makamashi da ke cikin silikon, daga nan wuta ta samu. Idan zafi ya yi yawa, giɓin yana ɗan tsukewa, ƙwayoyin da suka tsallake suna saurin komawa inda suka fito, sai ƙarfin wutar ya faɗi. Tun 1961 William Shockley da Hans Queisser suka lissafa cewa faranti mai giɓi irin na silikon ba zai mayar da fiye da kusan kashi 30 cikin 100 na hasken rana zuwa lantarki ba, na kasuwa kuma yawanci kashi 20 zuwa 22 suke yi.

Wasu na cewa gara a jira farantan perovskite, wani sinadari mai mayar da haske lantarki, da ake ta yayatawa a intanet, amma ban ga hikimar jiran ba. Gaskiya ne binciken ya yi nisa: a 2009 Tsutomu Miyasaka da abokan aikinsa a Japan kashi 3.8 suka samu, amma a 2023 kamfanin LONGi na Sin ya kai kashi 33.9 ta hanyar shimfiɗa perovskite a kan silikon, kowanne yana kama nasa ɓangaren hasken. Matsalar ita ce zafi da laima suna lalata shi da wuri, ga kuma dalma a cikinsa, kuma zafin nan shi ne abin da muka fi kowa. Tashar sola ta Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018 ta nuna cewa abin da ke hannu ma yana aiki a ƙasar Adar.

Mai shagon ya kyauta da ya ba ni shawarar ƙara faranti ɗaya a kan lissafina, kuma yaron da ya ɗora su ya bar tazarar taƙi guda tsakaninsu da kwano domin iska ta riƙa ratsawa, abin da masu gaggawa ba sa yi. Inda suka gaza shi ne wayar da suka haɗa da ita siririya ce, tana ɗumi da rana, sai da na sa aka canja ta da mai kauri. Garantin shekarun da mai shagon ya ambata kuma da baki ne, ko a rasit bai rubuta shi ba.