ÄKTA, NGC ko HPLC: Wacce Za Ka Saya Don Tace Furotin?

Duk mai aikin maganin furotin, insulin ne ko sinadarin garkuwar jiki, ya san wahalar tana wajen raba abin da yake so da tarkacen da ya biyo shi. Abokan aiki sun dame ni da tambayar na'urar da za su saya, kuma ba zan ɓoye ba, ni ɗan ÄKTA ne, ɗaya daga cikin na'urorin tace furotin.

Asalinta Suwidin. Kamfanin Pharmacia na Uppsala ya fito da salon tacewar da take amfani da shi a 1982, harkar ta koma hannun kamfanin General Electric (GE), a 2020 kuma kamfanin Danaher ya saye sashen ya raɗa masa suna Cytiva. Abin da ya sa nake sonta: ba ta matsa wa furotin da ƙarfi, gishiri kuma ba ya cin hanyoyin ruwanta. Fitilarta na karanta furotin da haske mai tsawon zango nanomita 280, kana zaune za ka ga tudu ya taso a allo, ka san kayanka ne ke fitowa. Ƙaramar, ÄKTA start, ta ishi ɗakin gwajin jami'a.

NGC, irin wannan na'urar ta kamfanin Bio-Rad, ba ta da laifi, sai dai ni ban taɓa samun mai gyaranta kusa ba. HPLC kuwa, na'urar da ke tura ruwa da matsi mai ƙarfi, ta auna tsafta ce, ka cika ta da ruwan gishiri ƙarfenta ya yi tsatsa.

Inda aka cuce ni shi ne gwanjo. Wani dillali ya kawo mana ÄKTA tana ƙyalli, muka biya, ashe babu lasisin UNICORN, manhajar da ke tuƙa ta. Wata takwas tana lulluɓe da leda tana shan ƙura. Bututun tacewar da ya ba mu gyara ma ya bushe ƙamas, alhali cikin ethanol kashi 20 ake ajiye shi. Don haka kada ka ba da ko kwabo sai an kunna a gabanka. Duba lambar na'ura, tambayi awannin da fitilar ta yi, sa tishu ƙarƙashin famfo ka ga ko yana yoyo, sannan a zuba acetone kashi 1 ka ga tudu ɗaya siriri.

Mafi muni su ne masu sayar da ƙwayoyin Protein A, waɗanda ke kama sinadarin garkuwar jiki, a kwalbar da ba ta da lambar zubi. Da na gaske da Sepharose zalla, wato ƙwayoyin da ba a liƙa musu Protein A ba, duk farin kunu ne a ido, farashin kuwa sama da ƙasa. Don gwadawa, zuba musu ruwan jini, wanke, fitar da abin da suka kama, ka kai SDS-PAGE, gwajin da ke raba furotin gwargwadon nauyi. Idan layi biyu ba su fito ba, ɗaya wajen kilodalton (ma'aunin nauyin furotin) 50 ɗaya 25, mayar masa da kayansa.

Kuma ka sa inbata cikin kasafin tun farko. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar tacewa, aikin mako guda ya tafi.