Jagorar Google Calendar a hannun mataimakin da ba mutum ba

Yayata tana lalle da kwalliyar amare a Kano, kuma in lokacin bukukuwa ya kama, wayarta ba ta hutawa. Hannunta dumu-dumu da lalle, saƙo na shigowa: "Hajiya, akwai wuri ranar Alhamis?" Shi ya sa na zauna na haɗa mata mataimaki na ƙirƙirarriyar basira, wanda zai amsa saƙo, ya duba ko da gurbi, ya rubuta amarya a kalanda. Na ɗora shi a kan Google Calendar, tunda dama da ita take aiki. Abin da na auna shi ne jagorar da kamfanin ya rubuta wa masu haɗa manhaja: in na miƙa wa mataimakin, zai karanta ya yi aiki ba tare da ya jawo wa Yaya abin kunya ba?

Ta fuskar tsari, na yaba. Siga ta 3 ta tsarin haɗa manhaja da kalandar ce ake amfani da ita, kuma akwai fayil guda na JSON da ya jera kowane umarni da abin da yake buƙata, irin rubutun da na'ura ke karantawa ba tuntuɓe. Maganar lokaci ma a fili take: a rubuta shi bisa ƙa'idar RFC 3339 ta rubuta kwanan wata da lokaci a intanet, a saka yankin lokaci. Namu Africa/Lagos ne, awa ɗaya gaba da agogon Girinwic, kuma ba ma matsar da agogo rani ko damina. Na kuma ji daɗin umarnin freeBusy. Shi dai ya ce daga ƙarfe kaza zuwa kaza an kama, ba ya faɗin wace ce ta kama. Sirrin amaren Yaya ya tsira, don mataimakin ba shi da dalilin sanin sunan wata in yana magana da wata.

Inda na fi daɗewa shi ne batun maimaita rubutu. Kowa ya san halin intanet ɗinmu: ka tura abu, ya isa can, amma amsa ta ɓace a hanya. Mutum zai dakata ya duba. Mataimaki kuwa sake turawa zai yi, sai ka ga amarya ɗaya ta cinye gurbi biyu. Jagorar ta san da wannan matsala, ta kuma ba da magani: ka ƙirƙiri lambar shaidar taron (wato abin da ka rubuta a kalanda) da kanka, in aka sake turo irinta, sai kalanda ta ƙi karɓa ta mayar da lamba 409, alamar cewa dama akwai irinta. Wannan shawara ce ta wanda ya san aiki. Sai dai bayanin a rabe yake. Dalilin yana shafin koyarwa, ƙa'idar kuma tana cikin dogon jadawali: haruffa daga a zuwa v kaɗai, lambobi 0 zuwa 9, tsawo daga 5 zuwa 1024. Harafin w, da x, da y, da z ba su shiga, ke nan sunan Zuwaira ba zai zama lambar shaida ba. Sai da na haɗa guntayen biyu wuri guda na rubuta wa mataimakin a cikin umarninsa.

Haka batun taron yini guda ko na kwanaki. Ranar ƙarshe ba a ƙirga ta. Bikin da ya fara da kamu ranar Alhamis ya ƙare Asabar, dole a rubuta ƙarshensa Lahadi. Jagorar ta faɗa, amma da kalma ɗaya tak. Da ni ne da na ba shi sakin layi har da misali, domin kuskuren kwana ɗaya a harkar aure ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai abin da ya kamata mai gini ya sani tun farko: kalandar tana karɓar taro biyu a lokaci guda, haka aka tsara ta. Duba gurbi daban, kama shi daban, kuma tsakaninsu wata za ta iya shigowa. Makullin da zai hana hakan aikinka ne.

Sauran kuma babu jagorar da za ta yi maka. Mutanenmu ba sa cewa 16:30, cewa suke "jibi bayan la'asar". Na tambaye ta, "Yaya, bayan la'asar ƙarfe nawa zan saka?" Ta ce, "Huɗu da rabi, ƙanena. Ranar Juma'a kuwa kada ka ba kowa wuri sai an sauko daga masallaci." Na rubuta yadda ta faɗa.

Ga wanda zai zauna ya tsamo waɗannan ƙa'idoji ya tattara wa mataimakinsa a shafi ɗaya, ina ba shi shawarar jagorar nan da zuciya ɗaya, don ban same ta da faɗin abin da ba haka ba. Nawa shafin layi 14 ne, kuma har yanzu Yaya ce ke danna amincewa kafin a rubuta kowace amarya.