Ku yi hattara da malamin nan mai cewa ba ya karɓar kuɗin addu'a

Naira 450,000. Na rubuta ne don in gani da idona, don har yanzu idan na faɗa da baki sai in ji kamar labarin wata nake bayarwa. Naira 450,000 wani wanda ban taɓa ganin fuskarsa ba ya cinye mini da sunan roƙon Allah, Ummata tana kwance.

Kafin wani ya fara yi mini wa'azi a ƙasa, ni ba jahila ba ce. Na yi sauka, na yi Islamiyya a Anguwan Rogo, shekara 11 ina koyarwa. Ni ce mai yi wa ƙawaye faɗa idan na ji sun je wajen mai duba. Na san hadisin da ya ce wanda ya je wa boka ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana 40. Na sani. Amma wannan bai zo mini da siffar boka ba, babu ƙasa, babu wuri, babu jan ƙyalle. Aya yake ja, kuma da tajwidi.

Umma ciwon ƙoda ne da ita, sau biyu a sati ake yi mata wanki. Wanda bai yi jinyar mai wankin ƙoda ba ba zai gane ba. Ka fita da asuba cikin sanyin Jos na Disamba, ka nemi mai keke, ka riƙe tsohuwa tana rawar ɗari, a dawo da ita kamar an matse tsumma, bayan kwana uku a sake. Matar da tun ina yarinya idan na farka ƙarfe uku na dare a kan darduma nake ganinta. Lokacin rikicin 2001 gidanmu cike yake da mutanen da ba mu sani ba, ita ke dafa musu. To me ta yi? Wannan tambayar ce ta ci ni, wallahi, ba ciwon ba. Na yi azumi, na yi tsayuwar dare, na yi ta maimaita addu'ar Annabi Ayyuba ta cikin Suratul Anbiya, ƙafarta sai ƙara kumbura take. Har na kai ina ɗaga hannu ina jin kunyar abin da ke raina.

A wannan halin malamin ya kira ni. A'a, saƙo ya fara turowa a WhatsApp, kiran daga baya ne. Ya yi sallama ya ce, "Baiwar Allah, ban san ki ba, amma na tashi da nauyinki a zuciyata. Mahaifiyarki ƙafar hagu ce ta fi kumbura ko?" Ta hagun ce. Na zauna a bakin gado jikina yana ɓari. Na ce Malam nawa zan kawo na sadaka? Ya ce, "Subhanallah, Hajiya, ai addu'a ba a sayar da ita. Ko sisi kada ki turo mini."

Ko sisi kada ki turo mini. Wannan maganar nake ta juyawa dare da rana. Ku gaya mini, wane ɗan damfara ne ake miƙa masa kuɗi ya ƙi? Kwana tara yana kira yana tambayar jikin Umma, yana ce mata Mama, ya ba ni azkar na safe da yamma waɗanda na san su ingantattu ne. Ko katin waya bai nema ba. A nan na saki jiki. Duk wadda ta ce ita ba za ta saki ba, Allah kada ya jarrabe ta.

Sai a kwana na goma ya ce ya yi istihara, ciwon ba na asibiti ba ne, hannu ne, kuma daga cikin gida. Yanzu da hankalina ya dawo na tuna istihara mutum ke yi wa kansa, raka'a biyu da addu'a, neman zaɓin Allah a kan abin da zai yi, ba madubin ganin wanda ya yi maka sammu ba. A lokacin kuwa wani sanyi na ji. Likita ya ce hawan jini ne ya daɗe yana cin ƙodar, limamin unguwarmu ya ce jarrabawa ce a yi haƙuri, shi kuwa ya ba ni dalili mai kai da ƙafa. Ya ce addu'ata tana tashi, an tare ta ne a hanya. Abin da nake son ji ke nan.

Na farko Naira 25,000, abincin almajirai 41 da za su yi sauka, ba nasa ba. Sai rago, Naira 140,000, har hoton ragon ya turo mini a ɗaure. Sai 75,000 na turare da zamzam. Ko turaren ne ya riga ragon? Zan duba rasit, duk suna nan. Na ƙarshe 210,000, wai aikin ya yi nauyi, sai an tura wa wasu bayin Allah su yi ɗawafi bakwai-bakwai a madadinta. Wannan kuɗin adashina ne, kwasata ce ta watan Janairu, da shi na yi niyyar biyan wankin sati biyu. Na tsaya a gaban mai POS a Terminus, yaron har ya ce, "Anti, sunan da ya fito na mace ne fa, a tura?" Na ce tura, matarsa ce. Ni da bakina na kare shi. Asusu uku daban-daban, suna uku daban-daban, ban tsaya na yi tunani ba.

Ku haɗa: 25 da 140 da 75 da 210. Naira 450,000.

Abin da ya fi kuɗin ciwo, ya ce in dakatar da wanki ɗaya don "ruwan asibiti yana karya aikin". Na dakatar. Daren Umma ba ta iya kwanciya ba, a zaune ta kwana tana neman numfashi, Yaya ya ɗauke ta a guje. Nas ta tambaye ni me ya hana mu zuwa ranar Litinin, na ce babu kuɗi. Ƙarya na yi.

Sannan Inna, abokiyar zaman Umma. Bai ambaci sunanta ba, ya dai ce "wata doguwa mai yawan kawo abinci". Matar da ta goya ni. Ta kawo kunun gyaɗa a fulas na karɓa na zubar a kwata, ta gani ta taga. Ba ta ce komai ba, ta ɗauki fulas ɗinta ta wanke.

Yadda asiri ya tonu ma abin haushi ne. Ƙanwata ce ta karɓi wayata ta shiga Facebook ta nuna mini rubutun da na yi tun Nuwamba ina neman a sa Umma a addu'a, da hoton ƙafarta ta hagu, da lambata a ƙasa don masu son taimakawa. Ni na ba shi komai. Hoton ragon kuma na wani mai sayar da dabbobi ne, tun na babbar sallar bara. Da na kira shi na ce Malam ina son in zo in gaishe ka, ya ce yana halwa a wajen Bukuru. Washegari lambar a kashe, ya toshe ni ko'ina.

Na je wa Kawu ina kuka, na ce to ni addu'ata ina ta tafi? Ya ce Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, 'ya'yansa shida cikin bakwai ya rasa yana raye, wa ya tare masa tasa addu'ar? Ya tuna mini hadisin cewa mai roƙo ko a ba shi nan take, ko a ajiye masa a lahira, ko a kawar masa da wani sharri kwatankwacinsa. Na san hadisin, na ma koyar da shi. Ban ce raina ya gama kwanciya ba. Ina dai ci gaba da roƙo, a kyauta, kamar yadda Umma take yi, ita da ko sau ɗaya ba ta tambayi me ta yi ba.

Na kai ƙara wajen hukuma, na ba su rasit huɗu da saƙonnin muryarsa. Hotunan hirarmu zan sa su anjima da dare, bari in goge lambar Yaya da ta fito a ciki. Muryarsa a sanyaye take, yana yawan cewa "bi'iznillahi Hajiya". Idan ya kira ku, ku kashe. Kada ku sa lambarku a ƙarƙashin hoton majinyaci, kuma kada wani ya sa ku tsallake ranar asibiti.

Naira 450,000. Ranar Alhamis akwai wanki, ban san inda zan samo ba. Ɗakin Inna kuma taku biyar ne daga na Umma, yau kwana shida ina kasa shiga.